Lalle a tsakar gida: tambayoyin da ake yawan yi min kan shuka shi da amfani da shi

Assalamu alaikum. Yau shekara tara kenan da na dasa lalle a tsakar gidanmu nan Kano, kuma har yau duk baƙuwar da ta shigo sai ta tsaya a gindinsa ta ce wai Anti wannan wace bishiya ce mai ƙamshi haka, in nace lalle ne sai a riƙe baki, har da 'yan matan da basa sati biyu hannunsu ba ƙunshi, su a tunaninsu lalle a ƙulle a leda yake fitowa daga Kasuwar Rimi. Tambayoyin kuma iri ɗaya ne suke ta dawowa, a gidan biki a tambaye ni, a islamiyya a tambaye ni, wata ma sai dare ya yi ta kira waya wai nata ya zubar da ganye, shi ne nace bari in tara su wuri ɗaya kowa ya huta. Ni dai ba malamar gona bace, a hannun kakata na taso a cikin gari na ga yadda take yi da nata da ke bayan ɗaki, Allah ya jiƙanta, sauran kuma karance-karance ne da abin da na gwada da hannuna, wani ya yi wani ya lalace.

Anti wai lalle bishiya ne ko ganye ne irin su alayyahu?

Ƙaramar bishiya ce mai yawan rassa tun daga ƙasa, in aka barta ba aski tana kai mita 2 har zuwa 6, zata leƙa katanga dai. Ganyen ƙanana ne, basu fi gaɓar yatsa ba, biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna. Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis, wani masanin tsirrai mai suna Linnaeus ne ya raɗa masa a 1753 don karrama wani abokinsa likita ɗan Sikotlan mai suna Isaac Lawson, ita kuma kalmar ta biyu ma'anarta marar ƙaya, abin da yake bani dariya kenan don duk wadda ta taɓa cusa hannu cikin tsohon lalle ta san ƙarshen rassan nan sukan yi tsini su soke ki sosai. Yana ƙarami ne bashi da ƙaya. Larabawa su ce hinna, Yarbawa su ce laali, kinji har ya yi kama da namu.

Zai rayu a zafin Kano kuwa? Duk fulawar da na siya bazara ke kashe ta

Ƙanwata ai wannan shi zafin yake nema. Lalle ɗan ƙasashen zafi ne, Sudan, Masar, Yaman, Rajastan ta Indiya, duk inda rana take dukan ƙasa, kuma launinsa ya fi ƙarfi in zafi ya kai tsakanin digiri 35 zuwa 45, wato daidai watan Afrilu da Mayu namu lokacin da mutum ko barci baya iya yi a ɗaki. Abin da yake kashe shi sanyi ne mai tsanani irin wanda ya sauka ƙasa da digiri 5, mu kuwa hunturunmu da wuya ya kai can. Abu ɗaya dai, ki bashi rana. Kar ki kai shi ƙarƙashin mangwaro ko lungun da katanga ta tare, zai rayu amma zai yi ta miƙewa siriri kamar mai ciwon yunwa kuma ganyen ba zai kama ba.

Iri zan shuka ko reshe zan dasa?

Reshe. In dai akwai mai lalle a unguwarku ki je ki roƙa, ba wanda zai hana ki reshen lalle. Ki zaɓi wanda ya fara ƙwari, kaurinsa kamar fensir, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da rabi, mai idanu shida zuwa takwas a jiki, ki zage ganyen ƙasa ki bar biyu ko uku a sama, ki binne rabinsa a ƙasa mai yashi. Kar ki dasa guda ɗaya, ki dasa biyar ko shida don ba duka ke kamawa ba, ni a farkon nawa bakwai na sa uku suka yi. Ki ajiye su inda rana bata duka sosai har sai kin ga toho, wajen sati uku zuwa huɗu, kuma dan Allah kar ki dinga zaro shi kina duba ko ya yi saiwa, wannan ɗabi'ar ce ta kashe min guda biyu.

Iri ma yana yi amma sai mai haƙuri. 'Ya'yan lalle ƙananan ƙwallaye ne kamar girman wake, in sun bushe sun yi ruwan ƙasa kika murza zaki ga ƙwayoyi da yawa a ciki masu kusurwa, to bayansu tauri ne da shi shi yasa in kika watsa haka kawai sai ki yi ta jira shiru. Jiƙa su ake yi kwana 3 zuwa 7 ana canza ruwan kullum, sannan a naɗe a tsumma mai danshi a wuri mai ɗumi har su fara fasa baki, sai a yayyafa a saman ƙasa a ɗan rufe da yashi kaɗan, kar a binne da zurfi.

Wane wata ya fi?

Farkon damina, Yuni zuwa farkon Yuli, in ruwa ya zauna. Agusta ruwa ya yi yawa reshen ruɓewa yake, hunturu kuwa iska zata busar da shi kafin ya yi saiwa.

Hajiya gidan haya nake kuma duk tsakar gidan siminti ne, ya zan yi?

Bokitin fenti babba ya ishe ki, ko tukunyar ƙasa, ko jarka da aka yanke, amma sai kin huda ƙasan da kyau, huda huɗu biyar, ki zuba tsakuwa ko fasassun kasko a ƙasa sannan ki haɗa yashi kashi biyu, jar ƙasa kashi ɗaya, tsohon takin awaki kashi ɗaya. Kar ki ɗebo laka daga bakin kwata ki cika bokiti da ita, in ta jiƙe bata bushewa in ta bushe kuma ta zama dutse. Na bokiti baya girma kamar na ƙasa amma zai baki na ƙunshin sallah ke da yaranki, kuma ranar da mai gida ya ce ku tashi sai ki ɗora abinki a kan a daidaita sahu ku tafi tare, wanda wadda ta dasa a ƙasa bata isa ba.

Sau nawa zan dinga bashi ruwa?

To nan ne ake yin ɓarnar, kuma mu mata mu muka fi yi don tausayi ya mana yawa. Duk lallen da aka kira ni aka ce ya mutu, in na bincika sai in tarar ruwa ne ya kashe shi ba ƙishi ba, an dasa shi a bakin rariya ko wajen wanke-wanke kullum gindinsa a jiƙe ga ruwan omo ga maiƙo, ganyen ya yi rawaya ya fara zuba, ita kuma mai shi tana ganin haka sai ta ce ƙishi yake ji ta ƙara masa wani bokitin, shikenan saiwa ta ruɓe.

Wata biyu ukun farko ki kula da shi, kar ƙasar ta bushe ƙayau. In ya kafu kuma, na ƙasa sau ɗaya a sati ya isa da rani, ki bashi ya ƙoshi ki ƙyale shi, da damina ko kallonsa kar ki yi. Na bokiti ya fi saurin bushewa, da bazara bayan kwana biyu, da hunturu bayan kwana huɗu ko biyar. In kina kokwanto ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in kin ji lema ki bari. Da yadda 'yan garuwa suke tsuga kuɗin jarka yanzu ai wannan ma abin farin ciki ne. Kakata ma ruwan alwala kawai nata yake samu kuma ya fi nawa kyau.

Nawa ya zubar da ganye tas da hunturu, ya mutu kenan?

Ba lallai ba. Haka yake yi in sanyi da bushewar iska sun haɗu, hutu yake. Ki ɗan kankare bayan reshe da farce, in kin ga kore a ciki yana nan da ransa, ki rage ruwa ki jira, zafi na fara shigowa zaki ga jan toho ƙanana suna fitowa.

Takin zamani fa?

Ni bana sa masa. Kashin awaki ko na tumaki wanda ya tsufa ya bushe, cikin kwano ɗaya a zagaye gindin a farkon damina da kuma bayan an yi masa aski, ya wadatar. Kashin kaji ɗanye yana ƙona shi. Na taɓa zuba masa yuriya don in ga ya yi sauri, ganyen suka yi fato-fato kore shar gwanin sha'awa, da na daka na ƙunsa kuwa kamar na shafa ruwan shayi, tun daga nan ban ƙara ba.

Me yake cinsa?

Gara da awaki. Gara ta fi kama sabon dashe da kuma wanda aka zuba wa takin da bai ruɓe ba, toka a zagaye gindin tana taimakawa. Wani lokacin darɓa takan taru a kan sabon toho ganyen ya nannaɗe, sai ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana ki tace ki yayyafa da yamma. Kar ki fesa maganin ƙwari na gona a ganyen da zaki kwana da shi a hannu. Akuya kuwa ba ruwanta da cewa lalle ne, in ƙofa a buɗe take ki kewaye shi da waya ko ƙaya har ya fi ƙarfin bakinta.

Yaushe zan fara tsinka, kuma ganye zan zage ko reshe zan yanka?

Shekarar farko ki bar shi ya kafu, in kin matsu ki ɗan tsinki na gwaji. Daga shekara ta biyu ki yanke rassan da almakashi ko wuƙa mai kaifi, shi lalle aski baya ɓata masa rai, ƙara cika ma yake yi. Masu nomansa don sayarwa ƙasa-ƙasa suke sare shi su bar kamar taƙi ɗaya, inda ake ban ruwa suna yanka sau biyu zuwa huɗu a shekara, kuma gona ɗaya tana yin sama da shekara goma ba a sake shuka ba. Ni sau biyu nake yi, ɗaya a ƙarshen damina wajen Oktoba, ɗaya kuma in ya yi tohon bazara, kuma na bazarar nan duk ya fi kamawa duk da bashi da yawa. Ganyen saman reshe matasa sun fi tsofaffin ƙasa launi.

Sai dai ki sani in kina yawan aske shi ba zaki ga fure ba, a ƙarshen rassa yake fitowa. Shi yasa na raba nawa, biyu na aski ɗaya na bar shi ya yi tsayi don ƙamshi kawai.

Na shanya nawa a rana ya koma ruwan ƙasa, akwai matsala?

Akwai. Wannan shi ne kuskure na biyu bayan ruwa. Bishiyar tana son rana amma ganyen da aka yanka baya so, rana tana cinye launin. A inuwa ake shanyawa inda iska take wucewa, zaure ko rumfa ko ɗakin da ba kowa, a kan tabarma, kina juyawa, a bushewar iskar Kano kwana uku zuwa biyar ya bushe. Sai ki kakkaɓe rassan ganyen ya zubo, ki tsince itatuwan, ki daka a turmi ko ki niƙa a bilenda. Kar ki kai injin unguwa inda aka gama niƙa barkono sai dai in kina son hannunki ya kwana yana raɗaɗi. Tankaɗe kuwa ya danganta da aikin, in na salatif ne ko na dunƙule hannu rariya mai laushi ta isa, in kuma zane zaki yi da ƙunƙumar leda sai kin tankaɗe a tsohon mayafi mai shara-shara sau biyu ko uku, ko ƙwayar tsinke ɗaya ta rage zata toshe miki bakin leda kina tsakiyar fulawa.

Yaya ni fa lalle baya kama ni, jinina ne ko me?

Ba ruwan jini, kuma ba wai miji ko uwar miji basa sonki bane kamar yadda ake tsokanar amare. Bari in miki bayanin yadda abin yake aiki zaki gane inda kike kuskure. A cikin ganyen akwai wani sinadari ana ce masa lawson, kaɗan ne, bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na busasshen ganye ba, shi ne yake shiga saman fata ya manne da keratin, wato abin da aka yi farce da gashi da saman fata da shi. Inda fata ta fi kauri nan ya fi kamawa, shi yasa tafin hannu da tafin ƙafa suke yin jawur amma bayan hannu da damtse su yi fayau, ba laifin mai ƙunshi bane.

Sinadarin nan baya fitowa nan take, sai an kwaɓa an ajiye ya tsumu. Ki kwaɓa da ruwan lemon tsami ko ruwan tsamiya da aka tace, ki sa sukari kamar cokali ɗaya a gwangwanin madara na gari don ya manne kar ya farfashe ya zube, kaurin ya zama kamar kunu mai kauri, ki rufe da leda ki ajiye. Da bazara awa uku huɗu ya isa, da hunturu sai ya kwana. Zaki ga saman ya yi duhu, ki ɗiga a tafin hannu minti biyar ki goge, in ya bar ruwan lemo ya yi. In kuma kika bar shi kwana biyu a zafi ya mutu, ko kin ƙunsa ba abin da zai yi.

Sannan ki wanke hannu da sabulu kafin a sa, ba mai ba basilin. Ki bar shi aƙalla awa huɗu zuwa shida, kwana ya fi, shi yasa ma ake ce masa ƙunshi, iyayenmu ganye da tsumma suke naɗe ƙafa da shi, hannu kuma a zura a zunguru a kwana da shi, ɗumin nan da danshin su suke sa ya shiga. In zaki cire ki kankare ki shafa mai, kar ki wanke da ruwa nan take. Kuma kar ki tsorata in kin ga ya fito ruwan lemo, iska ce take ƙara masa duhu, sai bayan kwana biyu yake kai ƙarshen kyaunsa, to in ɗaurin aure Asabar ne ƙunshi Laraba da dare ko Alhamis ya kamata. Yana yin sati ɗaya zuwa uku gwargwadon yawan wanki da wanke-wankenki, na farce kuwa baya fita sai farcen ya tsiro an yanke, wajen milimita 3 a wata, ki lissafa.

Masu zuba kananzir ko fetur wai don ya kama, dan Allah ku bari. In ƙarin duhu ake so ɗigo kaɗan na man itacen turare ya fi, ko a kara hannu a hayaƙin kanumfari.

Ya zan gane mai kyau in zan siya a kasuwa?

In da hali ki siyi ganye ba gari ba, a Kurmi da Rimi ana samu, ki duba kore ne ba ruwan ƙasa ba, ki shinshina ki ji ƙamshin ɗanyar ciyawa, ki kai gida ki daka da kanki. Gari ana yi masa haɗi, yashi, wani ganyen daban, har da kala ake zubawa ya yi kore fiye da kima don a ce sabo ne. Akwai kuma na kwali da ake kawowa daga waje a ce lalle ne marar launi na gyaran gashi, wannan ba lalle bane sam, filasko ne, wanda yake fitowa a bakin hanya a ƙauyukanmu.

Anti baƙin lalle fa, wace bishiya ce take bada shi?

Babu ita. Duk duniya babu bishiyar lalle mai bada baƙi, lalle ja ne zuwa ruwan goro mai duhu, iyakarsa kenan. Abin da muke kira baƙin lalle ko dayis rinin gashi ne, a cikinsa akwai sinadarin da ake kira PPD, shi ne yake sa ya kama baƙi ƙirin cikin rabin awa. An yi shi don gashi ne ba don fata ba, ko a gashin ma ƙasashen Turai sun ƙayyade kar ya wuce kashi 2 cikin ɗari bayan an haɗa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa ta daɗe tana gargaɗi a kan zana shi a fata. Mu nan a murfin kwalba ake kwaɓawa da ido, ba mai aunawa.

Na san za a ce ai shekara nawa muna yi ba abin da ya same mu, kuma gaskiya ne ba kowa yake yi wa illa ba, amma mugun halinsa shi ne jiki yana iya karɓarsa sau goma a na sha ɗaya ya ƙi, kuma in ya ƙi ya ƙi kenan har abada, ko rinin gashi mutum ya shafa sai fuska ta kumbura. Ba kuma ranar yake nunawa ba, yana iya ɗaukar kwana huɗu har sati biyu. 'Yar ƙanwar mahaifiyata haka ya yi mata, an yi biki lafiya an sha hotuna, tana sati ɗaya a ɗakinta hannu ya fara ƙaiƙayi sai ƙuraje masu ruwa suka bi zanen nan tsaf, fulawa ta tashi fulawa, ganye ya tashi ganye, har gwiwar hannu, amarya guda tana kuka ko cokali bata iya riƙewa, kuma tabon ya fi shekara ana ganinsa. Mai ƙunshin ba mugunta ta yi ba, abin da ta saba sa wa kowa ne.

Ni dai na daina, kuma bana bari a sa wa yarana. Wadda ta ga ba zata iya haƙura ba, ta gwada ɗigo a bayan kunne kwana biyu kafin nan duk da gwajin ma ba tabbas bane, kar a sa inda fata ta tsage, kuma in ya fara zafi ko kumburi a wanke a tafi asibiti, kar a tsaya shafa man zafi ko toka. A kuma ɓoye garin daga yara, in aka sha shi guba ne mai kumbura maƙogwaro ya lalata ƙoda.

To da can da me iyayenmu suke baƙanta nasu?

Maimaici. A ƙunsa yau a ƙunsa gobe a ƙunsa jibi har ya yi duhu kamar dabino. Masu son baƙi sosai kuma bayan an cire lallen sai su kwaɓa toka da gishirin lalle su shafa a kai na ɗan lokaci, warinsa har hawa kai yake, shi ma in ya daɗe yana cin fata.

Zan iya sa wa jaririyata na suna ko na sallah?

A'a Maman Baby, ki bari ta yi wayo. Akwai wata larura ta gado a jini da likitoci suke kira ƙarancin G6PD, tana da yawa a yankinmu na Afirka ta Yamma, ta fi kama maza amma mata ma suna samu, kuma yawanci iyaye basu san yaro yana da ita ba. Mai irin wannan jinin in lalle ya shiga jikinsa da yawa jajayen ƙwayoyin jininsa fashewa suke, fatar jariri kuma siririya ce, likitoci a ƙasashen Larabawa sun sha ganin jariran da aka shafe da lalle aka kawo su jini ya ƙare. Wannan lallen gaskiya nake magana fa, na bishiya. In an riga an sa kika ga ido ya yi rawaya kamar shawara, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko yaro ya yi fari ya saki jiki, asibiti kai tsaye. Ana yin gwajin a jini in kina son ki sani.

Hajiya ni namiji ne, furfura ta fito min a gemu, ya ake yi?

Alhaji ai kai ka fi mu hujja ma. Ya zo a hadisin Abu Zarri wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa lalle da katam, wani ganyen rini mai sa gashi duhu, su ne mafi kyawun abin da ake canza furfura da shi, kuma Sayyidina Abubakar da su yake rini. Kwaɓin ɗaya ne da na hannu sai dai a rage tsamin don yana busar da gashi, a wanke gemun da sabulu, a cusa har gindin gashi, a shafa basilin a gefen fuska kar ta kama, awa biyu zuwa uku a wanke. Farin gashi zai fito ja kamar wuta ranar farko, kar ka ji kunyar fita masallaci zai lafa bayan kwana biyu, baƙin gashi kuwa sai a rana ake ganin jan. In kana son ruwan ƙasa mai duhu sai a haɗa da garin ganyen baba, shi dai baban da ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata, amma busasshen ganyen zalla, ba ruwan karofi ba don shi an zuba masa toka da sauran haɗi. Ka sani kuma a gashi baya fita, sai dai aski.

Yana hana alwala?

Abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne launin lalle ba shamaki bane, ruwa yana taɓa fata, ba kamar jan farce ba da yake yin ɓawo. Ƙullin ne dai sai an cire kafin a yi alwala, shi yasa ake ƙunsawa bayan isha a cire kafin asuba. Irin na kanti da yake bushewa ya yi kamar leda ana ɓare shi kuwa, wannan ki tambayi malaminku.

Ana cewa ana shan ruwansa don magani, gaskiya ne?

Ana faɗa, ni dai bana ba kowa shawarar ya sha, ganye ko saiwa, musamman mai ciki, saiwar lalle an santa da taɓa ciki tun da can. A waje dai yana da sanyi, da bazara in tafin ƙafa yana zafi ki ƙunsa ki ji yadda yake sauke shi, kuma yana taimaka wa masu faso da masu yawan shiga ruwa tsakanin yatsu yana cinyewa. Ciwo mai zurfi ko ƙafar mai ciwon suga kuwa ba aikin lalle bane.

Furen fa, yana da amfani?

Wayyo furen. Ƙanana ne farare wasu da ɗan ja-ja, a cure suke fitowa kamar zangarniya, da rana ba zaki kula ba amma bayan magariba in iska ta kaɗo har maƙota sai sun ji. Larabawa har suna na daban suka bashi, fagiya, a Indiya kuma turare ake yi da shi. Ni tsinkowa nake in sa a cikin akwatin kaya ko in jiƙa a man kwakwa sati biyu in tace na kitso. Wasu ƙamshin yana musu ƙarfi, maigidana cewa yake yana sa shi atishawa, shi yasa na furen yake can nesa da tagarsa.

Za a iya yin sana'a da shi?

Bishiya uku a tsakar gida ba zata baki na sayarwa ba, na gida ne da na kyauta. Amma mai fili a wajen gari ya duba, don garin Sojat na jihar Rajastan a Indiya da lalle aka san shi a duniya, har gwamnatinsu ta yi wa sunan lallen garin rajista a 2021, kuma ƙasarsu busasshiya ce ba ta fi tamu ruwa ba. A Disambar 2024 ma UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa al'adar lalle cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, ƙasashen Larabawa 16 ne suka haɗu suka nema, mu da muke da ranar sa lalle sukutum a cikin bikinmu ba sunanmu a ciki, abin ya ɗan min ciwo wallahi. In da mai niƙawa da tsabta ya tankaɗe da laushi ya ƙulle da kyau ba haɗi, masu ƙunshin Kano kaɗai sun ishe shi ciniki daga azumi zuwa babbar sallah.

A ina zan ajiye garin kuma wata nawa yake yi?

A kwalba ko roba mai murfi, inda ba haske ba zafi ba danshi, a haka yana kai shekara amma ƙarfinsa raguwa yake, ganyen da ba a daka ba ya fi daɗewa shi yasa nake daka daidai na buƙata. Wanda aka riga aka kwaɓa in ya ragu firiza ce kawai take riƙe shi, in kuna samun wuta kenan. Kuma ki rubuta suna a jikin robar ki raba ta da kicin, don garin lalle da garin kuka in ba shinshinawa kika yi ba kamarsu ɗaya. Wata shekara ana jajiberin sallah na bar nawa a kan kanta na shiga wanka, 'yata ta fari lokacin tana koyon girki ta kaɗa mana miya da shi, tana ta mamakin me yasa ta ƙi yauƙi tana ƙarawa, ranar da shayi da burodi muka sha ruwa, muciyar ma har yau bakinta ja ne.